A Nemo Mini Yaƙin da Enoch Bai Sani Ba

Zuba, Lardin Neja
Oktoba, 1960

Zuwa ga yayana Dallatu,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙani ga yayansa, tare da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Dada da yara gaba ɗaya. Allah ya sawwaƙe maka ciwon bayan da ka ce yana damunka tun da aka mai da kai babban siton kwaleji, ya kuma ƙara maka haƙurin zama da malaman Zariya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya yi mana kyau bana, doya ta yi albarka, dawa ma ta fara nuna. Matata Aminatu tana nan tana fama da teburinta na kayan miya a bakin tasha. Ƙanwarmu Lydia ta zo daga Jiwa kwanan baya da tulin gyaɗa, ta ce ƙafar mijinta Ishaya ta warke har ya koma gona, suna gaishe ka ƙwarai.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami maganar ɗanka Enoch ce. Na ce ɗanka ko da yake Lydia ce ta haife shi, domin a gidanka ya zauna duk shekarun da ya yi yana karatun malanta, kai ka ciyar da shi, kai ka saya masa littattafan da yanzu suka hana ni barci. Kada gabanka ya faɗi, bai yi laifin komai ba. Tun da aka kawo shi makarantar firamare ta nan Zuba ba wanda ya taɓa kuka da shi. In ya gan ni sai ya sauka daga keke ya durƙusa. Da ma a ce ya yi mini rashin kunya, da na san abin da zan rubuta maka, da kuma na fi samun sauƙi.

Ka san rumfar Bappayo mai gyaran keke, wadda ke gindin mangwaro a bakin hanyar Kaduna. Tun da na dawo daga Burma wurin zamana ke nan bayan la'asar. Akwai wani bencin da ba wanda yake hawa sai ni. Direbobin manyan motoci kan tsaya su sha ruwa, Fulani in sun sayar da shanu su zo su tsuguna, manoma su jingine fartanya, a ce Saja Yamusa a ba mu labarin kogin Kaladan. Sai in ba su labarin yadda muka ɗauki kaya a ka muna ratsa dajin da rana ba ta shiga, yadda matsattsaku ke shiga cikin takalmi su sha jinin mutum bai sani ba, yadda na ga ruwa ya tafi da Kofur Abraham yana riƙe da bindigarsa sama kada ta jiƙe. Wasu sun ji labarin nan har sun haddace, amma ba su taɓa gajiya ba. Ba ni da ilimi irin na Enoch, ba ni da shanu, gonata ma ka san girmanta. Wannan bencin shi ne abin da nake da shi a garin nan.

A farkon damina, da maganar mulkin kai ta cika ko'ina, wani direba ya tambaye ni ko an taɓa samun waɗanda suka kori Ingila da ƙarfin bindiga. Na yi dariya na ce masa ba a taɓa ba, ba kuwa za a taɓa ba, domin ni na ga igwarsu da jiragensu da idona. Ashe Enoch yana gefe, ya kawo kekensa faci. Ya sunkuyar da kai, ya ce Kawu ya yi masa afuwa, amma an taɓa yi sau ɗaya a Amirka, shekaru kusan ɗari biyu da suka wuce, kuma manoma ne suka fara. Jama'a suka juya gaba ɗaya kamar an kira sunansu. Sai ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi ya ce ga birnin Boston inda sojan Sarkin Ingila suke, ga wani ƙauye Concord inda mutanen ƙasar suka ɓoye albarushi. Ya ce sojoji masu jajayen riguna suka fito za su ƙwace, suka iske 'yan tsirarun manoma sun tsaya a filin wani ƙauye Lexington, aka harbe mutum takwas daga cikinsu. Amma da sojojin suka juyo za su koma, sai kowane dutse da kowace bishiya ta zama bindiga, aka raka su da wuta har ƙofar birni. Yaya, na ga bakin Bappayo a buɗe, robar faci tana hannunsa har gam ɗin ya bushe. Ranar ba wanda ya tambayi Kaladan.

Na ɗauka abin na yini ɗaya ne. Ina! Kowace ranar kasuwa sai a aika a kira Malam Enoch. Shi kuwa ya iya yanke labari a daidai inda rai ya fi so, ya ce sauran sai wata kasuwar, yana da littattafan yara da zai duba. Ya kawo labarin Tudun Bunker, inda mutanen ƙasar suka haƙa ramuka a kan tudu, jajayen riguna suka hau a jere kamar masu fareti, aka zubar da su, suka sake hawa aka sake zubar da su, sai a hawa na uku albarushi ya ƙare wa na saman, suka ja da baya. Ingila ta ci tudun amma ta yi asarar mutum fiye da dubu, tsakanin matattu da masu rauni. Ba zan ɓoye maka ba, labarin ya yi daɗi, har na ji gashin jikina ya tashi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne hannun da ke zana tudun. Hannu ne mai taushi, alli kaɗai ya sani. Yaron da in an harba bindigar toka a bikin farauta sai ya toshe kunne, shi ne ke faɗa wa mutane yadda ake tsayawa a rami. Kuma suna gyaɗa masa kai yadda suke gyaɗa mini, har ma fiye, domin nasa mutanen sun yi yaƙi da Bature ne, ni kuwa yaƙi na yi wa Bature.

Wannan bambancin ban gane zurfinsa ba sai ranar labarin Trenton. Enoch ya ce lokacin abubuwa sun lalace wa Janar Washington, shugaban mayaƙan Amirka, an kore shi daga wuri zuwa wuri, mutanensa suna gudu, wasu ba takalmi ga sanyi mai daskarar da ruwa. Sai a daren Kirsimeti ya zuba su a kwale-kwale ya haye wani kogi mai suna Delaware, ƙanƙara tana bugun jiragen, ya auka wa abokan gaba da safe ya kama kusan mutum dubu. Da ya zo wurin kogi na gyara zama, na ce to, yau dole a waiwaye ni, don in maganar haye kogi ce ba wanda ya kai ni a lardin nan. Ba a waiwaye ni ba sai da ya ce waɗanda aka kama ɗin ba Ingilishi ba ne, Jamusawa ne da Sarkin Ingila ya ɗauko haya daga wurin sarakunansu. Nan take Yero, Bafillatanin nan mai baki da ke kawo shanu daga bayan dutse, ya nuna ni da sanda ya ce ashe tun da can Ingila ta saba ɗauko irin su Saja ta kai su ƙasar da ba su san sunanta ba. Aka fashe da dariya, har da waɗanda na sha ba su goro. Enoch ya miƙe ya ce wa Yero wannan magana ba ta dace ba, Kawunsa jarumi ne, ya kamata a ba shi haƙuri. Yero ya ba ni haƙuri. Wallahi, Yaya, dariyar ba ta ƙona ni kamar kariyar da Enoch ya yi mini ba. Ni da nake tsawata wa mutane a rumfar nan, yau ɗan ƙanwata ne ke roƙa mini mutunci. Na so in tambaye shi ko Jamusawan nan sun koma gida, ko an saurare su da suka koma, amma na fasa. Na ɗauki sandata na tafi.

Na daina zuwa rumfar. Na ce wa kaina in suka ga bencin ba kowa za su aiko. Ba wanda ya aiko, sai ma na ji wai an ja bencin kusa da inda Malam ke zane don tsofaffi su riƙa gani sosai. Na zauna a gida ina gyaran rumbun da ba abin da ya same shi. Amma labarin bai ƙyale ni ba, ya biyo ni har tsakar gida. Wata ranar kasuwa Aminatu ta dawo tana ta murmushi, ta sauke kwando, ko ruwa ba ta sha ba ta fara ba ni labarin Saratoga. Wai wani janar na Ingila, Burgoyne, ya taso daga Kanada da rundunarsa da kayan alatu, yana jiran wasu su zo daga kudu su haɗu su raba ƙasar biyu, na kudun ba su zo ba. Wai mutanen ƙasar suka riƙa sare bishiyoyi suna tare masa hanya, abinci ya ƙare masa, aka kewaye shi, ya miƙa wuya da mutum wajen dubu shida, kuma wannan ne ya sa Faransa ta yarda ta shiga yaƙin a gefen Amirka. Ta faɗi sunayen nan duka ba tuntuɓe. Matar da muka yi shekaru tare, har yau in na ce Kaladan sai ta ce Kaladi! Na tambaye ta yaya aka yi ta ji, ta ce ai teburinta ta matsar kusa da rumfar, kuma ita ce ke ba Malam jan barkono yana jerawa a matsayin sojan Ingila, gyaɗa kuma 'yan Amirka. Barkonon gidana, Yaya. Ranar na ce tuwon ya yi gishiri, na ture kwanon, alhali ba abin da ya sami tuwon.

Shi kansa Enoch ya zo gida ya same ni, ya kawo mini zakara. Ya zauna a ƙasa, ya ce ya lura ba na zuwa, yana tsoron ko ya saɓa mini. Ya ce akwai abubuwan da littafi ba ya faɗa, yana so in gaya masa yadda mutum ke ji in yana tsakiyar kogi ana harbi, don ya faɗa wa mutane daidai. Ka ji fa. Bai isa ya karɓe mini masu sauraro ba, yanzu abin da ke cikin ƙirjina ma yake so in ba shi ya zuba a bakin Turawansa. Na san ba haka yake nufi ba, fuskarsa fes take kamar ta uwarsa. Amma na ce masa na manta, abin ya daɗe. Ya yi mini sallama cikin ladabi. Zakaran kuwa na ce kada a yanka, yana nan yana tashe ni kowace asuba.

Da aka ce ranar labarin ƙarshe ta zo, na kasa zama. Na sace iskar tayar kekena da hannuna, na tura shi zuwa wurin Bappayo don a ce gyara ya kawo ni. Jama'a ta cika har kan hanya, wata mota ta Kaduna ta tsaya fasinja suna ta yi wa direba faɗa, shi ko a jikinsa. Na tsaya a baya. Enoch ya zana teku da toka, ya ce ga garin Yorktown, ga Janar Cornwallis na Ingila ya shiga ciki yana jiran jiragen ruwa su kawo masa agaji. Jiragen Faransa suka tare bakin teku, Washington da sojan Faransa suka zo ta tudu suka haƙa ramuka suna matsowa, igwa tana aiki ba dare ba rana, har Cornwallis ya ga ba mafita ya nemi sallamawa. Aka fara tafi. Sai ya ce ranar miƙa makamai sojojin Ingila sun fito a jere tsakanin layi biyu na abokan gaba, suna zubar da bindigoginsu a fili, wasu suna kuka, amma shi Cornwallis ya ce ba shi da lafiya, ya aiko mataimakinsa da takobi. Ban san lokacin da muryata ta fita ba. Na ce wannan ba janar ba ne, matsoraci ne, wanda ya kai mutane wuta dole ya tsaya a gabansu ranar kunya, ko da a kan gadon ɗaukar marasa lafiya za a kawo shi. Na faɗa da ƙarfin da nake ba da oda a fareti. Kowa ya juyo. Na ɗan ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, idanu sun dawo kaina. Enoch ya ce Kawu ya yi gaskiya, shi ya sa ma Washington ya ƙi karɓar takobin da kansa, ya ce a miƙa wa nasa mataimakin. Aka yi shewa, idanun suka koma wurinsa. Maganata ma ta zama ado a labarinsa.

Bayan wannan ne Wakili, mai unguwarmu, wanda aka ɗora wa shirin bikin mulkin kai a filin makaranta, ya zo ƙofar gidana. Ka san duk wani taro na hukuma ni ke tsayawa a gaba da kakina da mindata, lambar yabon yaƙin nan, ni ke koya wa 'yan makaranta maci, ni ke magana. Wakili ya daɗe yana kewaye-kewaye, ya yabi doyata, ya yabi zakara, sannan ya ce dattawa sun ga ya dace Malam Enoch ya yi jawabi ya kuma ɗaga sabuwar tuta. Ni kuma, tunda ba wanda ya san yadda ake sauke tsohuwar a naɗe ta bisa ƙa'ida kamar ni, sai in yi wannan. Na ce masa to. Da ya tafi na shiga ɗaki na kwanta, na ce wa Aminatu gwiwar nan da na samo a Burma ta tashi, da wuya in iya tsayuwa ranar biki, ta je ta faɗa wa Wakili. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni, ta tambaye ni wa zan aika da takobina. Ta juya ta koma wurin murhu. Ni da na zagi mutumin da ya mutu tuntuni a gaban rabin Zuba, da wane ido zan yi abin da ya yi?

Na je. Na goge kaki da dutsen guga har ya tsaya da kansa, na shafa wa takalmi mai. Na yi maci zuwa gindin sandar tuta, na ƙame, na sara, na sauke ta a hankali ba ta taɓa ƙasa ba, na naɗe ta kusurwa bisa kusurwa yadda aka koya mana. Ban taɓa yin aiki mai tsabta haka ba. Ina ɗaga kai na ga ba mai kallona, duk sun zuba ido ga kore da farin da ke hannun Enoch. Ya ja igiya, ta sarƙe masa, ya yi ta fama, na san gyaranta amma na bar shi ya ɗan yi gumi kafin na matsa na warware. Tuta ta hau, aka yi guɗa, mata suna rawa, Lydia tana share hawaye. Ya yi jawabi mai kyau, ya ce waɗancan sun sami nasu da jini, mu Allah ya ba mu namu ba a zubar da jini ba, mu gode. Ni ina tsaye da tsohuwar tuta a hammata, ban san wa zan miƙa wa ba, don ba Bature ko ɗaya a wurin. Na tambayi Wakili, ya ce in tafi da ita gida tukuna. Tana cikin akwatin ƙarfena. Na yi murna da ranar, Allah ya sani, ƙasata ce ni ma. Amma murnar tana da ɗaci a ƙasanta, kuma na san sunan ɗacin, kishi ne, kishin ɗan ƙanwata. Na yi istigfari, na yi sadaka, bai tafi ba.

To ga abin da nake roƙo, kuma kada ka yi mini wa'azi, Aminatu ta riga ka. Enoch ya ce bayan girbi zai sake labarin daga farko, saboda mutanen Jiwa da suka ji ƙishin-ƙishin suna so. Kai kuwa kana cikin malamai, kullum suna zuwa sitonka neman alli da takarda. Ka sami mai koyar da tarihi, ka ce ya binciko maka wani yaƙi a cikin yaƙe-yaƙen nan na Amirka wanda ba ya cikin littafin da ka saya wa Enoch. Ba zai yiwu a yi shekaru ana gwabzawa a ce biyar ɗin nan ne kaɗai ba. Ba sai babba ba, ba sai wanda aka ci nasara ba, in ma an sha kashi ya fi, don na fi shi sanin yadda ake faɗin wannan. In son samu ne ya zama akwai ruwan sama da taɓo a ciki. Ka rubuto mini da Hausa, da sunan wurin da na janar-janar ɗin, ka nuna mini tsakanin wane da wane ya faɗo. Zan haddace shi a gona inda ba mai jina. Ranar da Malam ya zo wurin ya wuce, ina so in yi gyaran murya daga kan bencina, in ce Enoch, ka tsallake ɗaya. Guda ɗaya tak nake nema, Yaya. Bayan wannan in ya ga dama ya riƙe rumfar har tsufansa.

Ka gaishe mini da Yaya Dada, ka ce daddawar da ta aiko ta iso, Aminatu tana godiya. Ka gai da Adda da maigidanta, da Lucy in ta zo hutu, da duk yaran gida. Bappayo yana gaishe ka, ya ce har yanzu yana ajiye da sirdin tsohon kekenka. Lydia da Ishaya suna miƙo tasu gaisuwar. Amsar kuwa ka ba direban da zai kawo ta ya damƙa mini hannu da hannu, kada ta bi ta makaranta, don Enoch ne ke raba wasiƙun garin nan.

Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninka,
Saja Yamusa